Noman Kuɓewa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan ana maganar noma a ƙasar Hausa, abin da ya fi saurin zuwa a zukatan mutane shi ne gero da dawa da masara, sai kuma amfanin gona na sayarwa irin su gyaɗa da auduga. Da waɗannan ake auna arzikin manomi, su ake ƙirga dammunansu, su kuma makaɗan noma suke ambatawa idan suna zuga gwanayen fartanya. Amma duk yawan hatsin da magidanci ya tara a rumbu, ba ya zama abinci sai ya sami miya, shi ya sa Hausawa suke cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga cikin kayan miyar da Bahaushe ya dogara da su rani da damina, da wuya a sami wanda ya kai kuɓewa, in ba kuka ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin kuɓewa tun daga sunanta da asalinta, zuwa yadda ake shuka ta da kula da ita da ɗibarta da adana ta. Za a kuma riƙa nuni ga kalmomin da manoma da mata suke amfani da su a kowane mataki, domin kuwa sanin sana'a da sanin harshenta tare suke tafiya.

Suna da Asali

Kuɓewa ita ce kalmar da aka fi sani a Kano da Zariya da daidaitacciyar Hausa. A Sakkwato da sauran ƙasashen yamma kuwa guro ake cewa. Bambancin bai tsaya ga kalma kaɗai ba, ya taɓa nahawu, saboda kuɓewa jinsin mace ce, guro kuwa namiji. Bakano zai ce kuɓewa ta ƙosa, Basakkwace ya ce guro ya ƙosa. Haka nan a bakin Basakkwace miyar guro takan koma miyag guro, saboda nason da harafin farko na kalma ta biyu yake yi a kan maɗaurin mallaka.

Maƙwabtan Hausawa kowa da nasa sunan. Yarabawa suna ce mata ila, Larabawa bamiya. Sunan da Ingilishi yake kiranta da shi ya samo asali ne daga harshen Ibo, na Faransanci kuma daga harsunan Bantu na yankin Angola da Kwango. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa daga hannun mutanen Afirka Turawa suka san ta. Cinikin bayi na Tekun Atlantika shi ya kai ta nahiyar Amurka, inda aka ambace ta a Barazil tun 1658. Kafin wannan da nisa, wani masanin tsirrai mutumin Andalus, Abul Abbas al-Nabati, ya ga ana nomanta a Masar a 1216, ya kuma bayyana yadda mutane suke cin 'ya'yanta tun suna ɗanyu. Game da ainihin mahaifarta kuwa masana sun rarrabu, wasu sun ce Habasha da kewayenta, wasu Afirka ta Yamma, wasu kuma Indiya.

A fannin ilmin tsirrai Linnaeus ya sa mata suna Hibiscus esculentus a 1753, kuma wannan sunan ake tararwa a tsofaffin littattafai na zamanin J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Sunan da masana suke amfani da shi yanzu shi ne Abelmoschus esculentus, wanda Moench ya ba ta a 1794. Danginta na kusa su ne rama da yakuwa da auduga. Bisa rabon da masana suka yi a baya-bayan nan, har kuka da lalo da rimi da goro duk gida ɗaya suke da ita. Ke nan yawancin miyar yauƙi da Bahaushe yake ci daga zuriya ɗaya ta fito.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 an noma kuɓewa fiye da tan miliyan 10 a duniya. Indiya ce ta noma kimanin kashi 60 cikin 100, Nijeriya ta zo ta biyu.

Siffa da Ire-ire

Kuɓewa tsiro ce mai tsayuwa da ƙafarta, ba ta yaɗo. Tsawonta yakan kama daga gwiwar mutum har ya wuce kansa, gwargwadon iri da ƙarfin ƙasa. Tana da saiwa guda mai nutsawa ƙasa sosai, wadda take taimakonta jure ɗan fari, ita ce kuma dalilin da ya sa ba ta son dashe. Ganyenta mai faɗi ne mai yatsu, jikinsa da na kara da na 'ya'yan duk akwai ƙananan gashi masu ƙaiƙayi. Furenta ruwan ɗorawa ne, tsakiyarsa ja wur, ya yi kama da na auduga ƙwarai. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yanƙwane, washegari ya faɗi ya bar ɗan ƙaramin ɗa a gurbinsa.

Manoma sun kasa kuɓewa gida biyu. Akwai mai saurin haihuwa, wadda takan fara fure cikin kwana 40 zuwa 50, ba ta cika tsawo ba, kuma ba ta daɗewa take gajiya. Akwai kuma mai jinkiri, doguwa mai rassa, wadda ba ta fara haihuwa sosai sai damina ta ja baya, amma in ta sami laima takan ci gaba da bayarwa har cikin rani. Binciken masana ya gaskata wannan rabo na manoma, domin a 1988 an tabbatar da cewa akwai wani jinsi dabam na Afirka ta Yamma mai suna Abelmoschus caillei, wanda raguwar tsawon yini ce take sa shi fure, kuma ya fi yawa a wuraren da ruwan sama yake da yawa. Ban da wannan, ana bambanta iri da siffar 'ya'yan, watau doguwa ko gajera, siririya ko mai kauri, koriya ko ja-ja. Mata sun fi son wadda ta fi yauƙi, 'yan kasuwa kuwa wadda ta fi jure tafiya.

Akwai kuma irin da hukumomin bincike suka inganta. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, take kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ta fitar da iri kamar NHAe 47-4 da LD 88. Daga waje kuma akwai Clemson Spineless, wanda aka fitar a Amurka a 1939, aka san shi da ƙarancin ƙaiƙayi.

Ƙasa da Lokacin Shuka

Kuɓewa tana son rana da zafi da ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Jigawa mai ɗan laka-laka ita ta fi dacewa da ita. A fadamar da ruwa yake kwanciya saiwarta takan ruɓe, ganyen ya yi ɗorawa ya zube. Saboda haka manomi yakan tayar da kunya ya shuka a bisanta, musamman inda marka take da ƙarfi.

A al'adance ba kasafai ake ware wa kuɓewa gona sukutum ba. Akan shuka ta a gefen gonar hatsi, ko a tsarma ta cikin masara da barkono da yakuwa, ko a gayauna, ko kuma a ɗan filin da ke cikin gida kusa da inda ake zubar da toka da shara. A ƙauyuka da dama wannan ɗan fili na uwargida ne, ita ke shuka, ita ke ɗiba, abin da ta sayar kuma nata ne. Noman kuɓewa gona guda domin kasuwa ya bunƙasa ne tare da girman birane da yaɗuwar noman rani.

Lokacin shuka biyu ne. Ta damina ana shuka ta bayan ruwa ya zauna, galibi cikin Yuni zuwa farkon Yuli, ta fara bayarwa a Agusta. Ta rani kuwa a lambu ake yin ta. A da da jigo ake ban ruwa a bakin rafi ko rijiya, yanzu kuwa injin ya maye gurbinsa. Manyan madatsun ruwa irin su Tiga da aka gama a 1974, wanda yake shayar da Kadawa da Kura, da Bakolori na Talata Mafara da aka gama a 1978, sun faɗaɗa wannan noma ƙwarai. Sai dai masu lambu sun san cewa kuɓewa ba ta shiri da hunturu. In aka shuka ta cikin tsananin ɗari na Disamba da Janairu, iri yakan daɗe bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya tsumbure. Don haka akan jira sanyi ya karye, wajen Fabrairu, sa'an nan a shuka, ta zo kasuwa cikin bazara lokacin da ɗanyar kuɓewa take tsada.

Shuka da Kulawa

Bayan sharar gona da zuba taki da huɗa, sai shuka. Ƙwayar kuɓewa tana da ɓawo mai tauri, saboda haka gogaggun manoma sukan jiƙa iri ya kwana a ruwa. Wannan yana da amfani biyu, yana tausasa ɓawon, yana kuma fitar da marar kyau, domin ƙwayar da ta taso saman ruwa galibi fanko ce. Akan yi rami da sungumi ko da dunduniya, zurfinsa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, watau kamar gaɓar yatsa, a jefa ƙwaya 2 ko 3 a rufe. Tsakanin rami da rami akan bar santimita 30 zuwa 45, tsakanin kunya da kunya kuma 60 zuwa 75. Iri mai rassa yana bukatar fili fiye da haka. In da laima da zafi, cikin kwana 5 zuwa 10 za a ga tsiro.

Bayan kamar mako biyu sai a yi cira, a bar tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane gindi. Manomin da ya ji tausayin cirewa ya bar su cunkushe, zai sami kara siriri da 'ya'ya kaɗan. A daidai wannan lokaci ake noman firi, domin a makonnin farko kuɓewa ba ta da saurin girma, ciyawa tana iya danne ta. Bayan mako biyu ko uku a yi maimai, a tara mata ƙasa a gindi don kada iska ta kayar da ita. Da zarar ganyenta ya rufe ƙasa, ciyawa takan ragu da kanta.

Takin gargajiya, watau kashin shanu da na awaki da na kaji wanda ya riga ya ruɓe, shi ya fi yi mata amfani, domin ban da abinci yana riƙe laima. Masu amfani da takin zamani sukan sa kamfa bayan cira, su ƙara yuriya kaɗan idan fure ya kusa. A nan akwai wurin lura. Yuriya in ta yi yawa kuɓewa takan yi ganye shar, ta yi tsawo abin sha'awa, amma haihuwa ta yi jinkiri. A lambu kuma lokacin da ba ta jure ƙishirwa shi ne lokacin fure, domin in ruwa ya yanke mata a sa'an nan fure yakan zube, 'ya'yan da suka kama kuma su yi saurin tauri.

Ƙwari da Cututtuka

Babban abokin gabar kuɓewa a wannan yanki shi ne wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle, wani ja-ja wani baƙi mai ƙyalli, wanda yake huda ganye har ya koma kamar rariya. Ɓarnarsa ta fi tsanani ga ƙaramin tsiro, kuma shi ne yake yaɗa cutar da take sa ganye dabbare-dabbare. Farin ƙuda kuma yana yaɗa cutar nannaɗewar ganye, wadda take tsumburar da tsiro. Akwai darɓa mai tsotse ruwan ganye, akwai kuma tsutsar da take huda 'ya'yan, ita ce dai wadda take ɓata auduga. A cikin ƙasa akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, tsiro ya riƙa yaushi ko da ƙasa tana da laima.

Rigakafi ya fi magani. Tun da ƙwarin kuɓewa da na danginta ɗaya ne, bai kamata a shuka ta inda aka cire auduga ko rama ko yakuwa ba, haka nan inda aka yi tumatir, saboda tsutsar saiwa. Gara a bi ta da hatsi, shekara ta zagayo. Tsiron da cutar ganye ta kama ba ya warkewa, sai a tuge shi a ƙone. Tsofaffi sukan barbaɗa toka a kan ganye da sassafe lokacin da raɓa take, wasu kuma su daka 'ya'yan darbejiya su jiƙa su tace su yayyafa.

Ɗiba

Hausa tana da kalma ta musamman ga kusan kowane irin kawo amfani gida. Ana girbin gero da dawa, ana yankan shinkafa, ana roron wake, ana tonon rogo. Kuɓewa kuwa ɗiba ake yi, ko tsinka. Zaɓen kalmar ya dace da aikin, domin girbi sau ɗaya ake yin sa a gama, ɗiba kuwa ana yi ana komawa.

Daga faɗuwar fure zuwa lokacin da ɗa ya isa ɗiba kwana 4 ne zuwa 7. In ya wuce haka sai ya fara tauri, ya yi zare-zare a ciki, a ce kuɓewa ta ƙosa. Saboda haka ake zagaya gona kowane kwana 2 ko 3. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan muhimmanci. Muddin aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jikin uwar, sai ta mai da ƙarfinta wajen nunar da ƙwaya, ta rage yin sabon fure. Wanda yake ɗiba a kai a kai yana iya cin amfaninta wata ɗaya zuwa biyu, ko fiye ga iri mai jinkiri, wanda kuwa ya yi sakaci na mako guda ya rage wa kansa sauran kwanakin. Ko ɗan da ya riga ya ƙosa ba a barinsa, cire shi ake yi don uwar ta ci gaba.

Da sanyin safiya ake ɗiba, kafin rana ta sa ta yaushi. Akan karya ta da hannu ko a yanke da 'yar wuƙa a bar ɗan guntun hannu a jikinta. Masu ɗiba sukan sa riga mai dogon hannu, wasu su ɗaura tsumma a yatsu saboda ƙaiƙayi. Ba a jifa da ita, ba a kuma danna ta a buhu, domin duk inda ta gurje yakan yi baƙi. A kasuwa mace takan gwada ta da karya tsinin. In ya ƙarye ƙas, ɗanya ce, in ya lanƙwashe kawai, ta ƙosa.

Adanawa da Kasuwa da Girki

Ɗanyar kuɓewa ba ta wuce kwana 2 ko 3 a zafin ƙasar nan, kuma sanyin firiji in ya yi yawa shi ma yana baƙanta ta. Wannan ya sa a Agusta da Satumba takan yi araha, a ga kwanduna jibge a kasuwanni irin su 'Yankaba ta Kano, a sayar da kashi a kan kuɗi kaɗan. Maganin da Bahaushe ya samo tun kaka da kakanni shi ne shanya. Akan yanka ta da'ira-da'ira, a baza a tabarma ko a kan soro, a riƙa juyawa har ta bushe ƙayau. Wahalar ita ce lokacin yawanta ya zo daidai da marka, kuma wadda ba ta bushe da sauri ba takan yi fumfuna. Busasshiya kuwa in an adana ta a tukunya ko buhu inda babu laima, tana kai wata damina. Ba a daka ta duka gaba ɗaya, domin gari ya fi saurin rasa yauƙi da ƙamshi, sai a riƙa ɗiban na kwana kaɗan a daka a tankaɗe. Da mudu ake sayar da ita, kuma farashinta yakan hau cikin rani, saboda haka ta zama wata hanyar ajiya ga matan karkara. Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce, a Sudan ma garin busasshiyar kuɓewa, wanda suke kira weka, shi ne ginshiƙin miyarsu.

Miya iri biyu ake yi da ita, ɗanya da busasshiya. Ɗanya akan yanka ta ƙanana ko a goga, a zuba a tafasasshen ruwan miya da ɗan kanwa, a burge da maburgi. Busasshiya kuwa kaɗa ta ake yi kamar kuka, da daddawa da yaji. Kanwa tana tausasa ta, ta ƙara mata yauƙi, ta riƙe korenta, amma in ta yi yawa tana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin C. Ɗanyar kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, sauran kuma ya ƙunshi harza mai taimakon narkewar abinci da bitamin C da K da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Ganyenta ma ana miya da shi a wasu wurare, awaki kuma suna ci.

Yauƙin nan ya shiga harshe. Asalin kalmar siffar miya ce mai jan zare, amma an faɗaɗa ma'anarta, har akan ce wance tana yauƙi, watau tana magana ko tafiya a hankali cikin yanga.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce maganin feshi. Kowane maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira bayan fesawa kafin a ci amfanin, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Kuɓewa kuwa, kamar yadda aka nuna a baya, ba ta jira. Manomin da ya yi feshi yau, jibi sai ya zaɓa tsakanin ya bar ta ta ƙosa ya yi hasara, ko ya ɗiba ya kai kasuwa da saura magani a jikinta. Mai saye ba shi da hanyar ganewa. Mafita ita ce a yaƙi ƙwari tun kafin fure, idan an fara ɗiba kuma a koma ga darbejiya ko magani mai gajeren wa'adi, a kuma ɗibe tas kafin a fesa.

Ta biyu ita ce shanya a gefen titi, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi suke bi ta kai. Shimfiɗa mai tsabta a wuri mai tudu ba ta da tsada, kuma ta isa ta kawar da wannan.

Ta uku ita ce iri. A al'ada manomi yakan zaɓi 'yan gindi masu kyau ya bar 'ya'yansu su bushe a jiki, ya yanke kafin su tsage, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari, ko ya fasa ya zuba a gora da toka. Ta haka kowane yanki ya riƙe irin da ya saba da ƙasarsa da ruwansa da ɗanɗanon mutanensa. Irin kamfani na aure yana ba da amfani mai yawa, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa, dole a koma saye kowace shekara. Inda aka daina shuka irin gida, 'yan shekaru kaɗan sun isa ya ɓace, domin ƙwayar kuɓewa ba ta daɗewa da rai a ajiyar gida. In kuwa iri ya ɓace, sunansa ma ya bi shi.

Kammalawa

An ga yadda kuɓewa take da tushe mai zurfi a Afirka, da yadda nomanta yake bukatar kulawa ta kullum fiye da ƙarfin damtse, tun daga jiƙa iri har zuwa ɗiba da shanya. An kuma ga cewa abin da manoma suka gano da ido, kamar bambancin mai sauri da mai jinkiri, binciken zamani ya zo ya tabbatar da shi.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Sunayen ire-iren kuɓewa sun bambanta daga gari zuwa gari, wasu daga siffa aka samo su, wasu daga kwanakin nuna, wasu daga garin da irin ya fito, kuma masu riƙe da su yawanci tsofaffin mata ne da masu lambu. Ɗalibin da ya tafi hutu ƙauyensu ya zauna da su, ya rubuta sunan kowane iri da siffarsa da lokacin shukarsa da irin miyar da ya fi dacewa da ita, ya yi wa ƙamus aiki, ya kuma yi wa masu binciken aikin gona aiki. In aka yi haka a Katsina da Daura da Haɗeja da Zamfara da Maraɗi da Damagaram, aka haɗa sakamakon wuri guda, za a sami abin da zai amfani masu nazarin karin harshe da manoma baki ɗaya.